Ɗaurin Kaba

Ranar Alhamis da safe, cikin bazarar shekarar da za a ba da mulkin kai, mai gadi ya tsinci karen gidan Mai Lofe a mace ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Wuyansa ya kumbura ya kusa kai tulu, baƙin jini na tsiyaya ta hancinsa, ƙudaje har sun yi sallama. Kafin hantsi an kwashi uwargidan, wadda kowa ke kira Madam, an kai ta asibiti tana amai da gudawa. Kafin azahar kuwa an sa wa kukun gidan ankwa.

Mai Lofe injiniya ne, gidansa na tsakiyar unguwar Turawa ta Nassarawa. Sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshen ma'aikatansa, shi ya sa suka laƙaba masa abin da ba ya rabuwa da bakinsa. Hujjarsa guda ce, kuma a ganinsa ta isa. Ranar Litinin, yana wurin rangadi, Madam ta zazzage kuku saboda gishiri ya yi yawa, ta ce ƙarshen wata ya nemi wani wurin. Daga nan kare ya kwanta, Madam ta bi baya. Sufuritandan 'yan sanda, wanda tare suke zama a kulob, bai nemi ƙarin bayani ba. Ya ce a shirya takardu, Litinin mai zuwa a gurfanar da kuku gaban majistare kan zuba guba. In Madam ta tashi, shekaru ne a gidan yari. In ba ta tashi ba, igiya ce.

Saje Jibrin aka miƙa wa aikin. Dogo ne, ba ya son hayaniya, kuma ɗan mahauta ne, abin da bai cika son a tuna masa ba. Kun dai san mutanenmu: su tashi da asuba su yi layi a gaban mahauci, amma in ya zo neman 'yarsu sai a fara kallon sama. Jibrin ya bar wuƙa ya ɗauki kaki tun yana saurayi, sai dai hancinsa bai bar sana'ar gidansu ba.

Ya tsuguna nesa kaɗan da karen, ya sa kara ya taɓa jinin. Awa shida ke nan da mutuwar dabbar, amma jinin bai daskare ba, yana nan tsululu, baƙi wuluk. Sau ɗaya ya taɓa ganin haka, yana yaro, a jikin wata saniya da mahaifinsa ya hana a kusance ta da wuƙa. Ya miƙe ya ce wa mai gadi a haƙa rami mai zurfi, a tura karen da sanda, a zuba kananzir da farar ƙasa, kada kowa ya taɓa shi da hannu.

Daga nan ya shiga kicin. Tukwane a kife, tebur a kankare, ko'ina fes. A cikin firji mai aiki da kananzir ya sami ƙunshi biyu, duka daga Kantin Ƙanƙara, inda gidajen unguwar ke sayen nama a kawo musu har gida Litinin da Juma'a. Ɗaya a farar takarda, niƙaƙƙen nama ne na mutane. Ɗayan a jar takarda, naman kare. Kowanne an ɗaure shi da farin zare.

Niƙaƙƙen ya yi ja fiye da yadda Allah ya halicci nama. Da Saje ya kai hanci, sai ya ji gishiri da wani yaji-yaji a sama, a ƙarƙashi kuma wani wari mai zaƙi-zaƙi. Ya kwance na karen. A tsakiyar tarkacen huhu da jijiya akwai yankin saifa, ta kumbura, ta yi baƙi, ta narke kamar ayabar da ta kwana uku a aljihu. Ya fita waje ya tofar da yawu har sau uku.

Ya rubuta 'yar takarda zuwa ga likitan da ke duba Madam, ya ce yana zaton ciwon saifa ne na shanu, ba guba ba. Ƙunshin biyu kuma ya sa a gwangwani ya aika wa likitan dabbobi. Amma kafin ya rufe gwangwanin ya ɗora na karen a sikelin kicin. A jikin takardar an rubuta laba huɗu, ta kwana huɗu. Mai gadi ya ce tun Laraba kare ya ƙi abinci, ke nan laba biyu ya ci. Abin da ya rage laba ɗaya ce.

A caji ofis ya tarar da kukun zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Ɗahiru sunansa, mutumin ƙasar Katsina, furfura ta fara yi masa sallama a gemu.

"Shekara nawa kana wa Turawa girki?"

"Ashirin da biyu, ranka ya daɗe."

"Kana ɗanɗana abin da ka dafa musu?"

"In babu alade, babu giya. In akwai, da ido nake auna gishiri. Abin da ya jawo faɗan Litinin ke nan."

"Yaya Madam ke cin niƙaƙƙen naman?"

"A dunƙula, a ɗan nuna wa wuta. In cikin bai yi ja ba sai ta dawo da shi."

"Karen fa?"

"Ɗanye."

"Ka zuba musu wani abu?"

"Ban zuba ba."

"To laba ɗaya ta ɓata daga naman kare. Ina take?"

Ɗahiru ya sunkuyar da kai. Saje ya maimaita, ya sassauta murya, ya tsananta, duk ɗaya. Mutumin ya kafa wa ƙasa ido, gumi na bin wuyansa. Da wani ne ya shigo a lokacin zai rantse mai laifi ne, don ba a taɓa ganin mai gaskiya ya yi irin wannan zufa ba.

Saje ya hau kekensa ya koma gidan Mai Lofe, amma wannan karon bai bi ta ƙofar gaba ba. Ya zagaya baya, inda aka jera wa ma'aikata ɗakuna uku kamar akurki, kusa da juji. Ƙofar ɗakin kuku a rufe take, da tsakar rana, a wannan zafin. Ya yi sallama sau biyu kafin wata murya ta amsa daga ƙasa.

Hajara, matar Ɗahiru, tana kwance a tabarma, cikinta ya kai wata bakwai. Leɓunanta sun bushe, kwanon da ke gefenta kuwa ba ya kalluwa.

"Tun yaushe kike haka?"

"Tun jiya. Malam ya ce in daure, kada a ji."

"Me kika ci?"

Ta rufe fuska da gefen zane. "Kwaɗayin ciki ne, ranka ya daɗe. Tun da na samu cikin nan ba na iya tuwo sai da ɗan nama. Albashinsa ba ya kai mu kasuwar nama sai sau ɗaya a wata. Shi kuwa karen kullum laba guda. Sai Malam ya riƙa tsakuro mini. Da miya nake yi. Ran Talata ne na kasa jira, na ɗora wata tsoka a garwashi na ci da ɗuminta."

Ashe abin da ya ɗaure wa Ɗahiru baki ke nan. Ya gwammace a ce ya zuba guba da a ce dattijo kamarsa yana satar abincin kare yana kai wa iyalinsa. Saje ya ji haushin mutumin, ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushin gidan da kare ke cin abin da mai ciki ke kallo daga nesa. Ya tare motar wani ɗan kwangila a bakin titi ya sa aka kai Hajara asibiti cikin gari. Abu ɗaya dai ya tabbata: wanda ya zuba guba a nama ba ya ɗebo wa matarsa.

Ya gaya wa Sufuritanda haka. Bature ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan ya nuna kuku ɓarawo ne, bai nuna ba mai kisa ba ne. In Saje yana da wani mai laifin, ya kawo shi kafin Litinin.

Bayan la'asar Saje ya bi unguwar gida-gida, ta ƙofar baya, inda ake samun gaskiya. Gida ashirin da uku ke karɓar nama daga Kantin Ƙanƙara. A tara daga ciki an sami mai gudawa ko kare da ya kumbura, kowane gida na zaton nasa ne kaɗai, kowace Madam na harar kukunta. Akwai kuma gida huɗu na manyan ma'aikata 'yan ƙasa, Musulmi, waɗanda suka tare a unguwar kwanan nan da Turawa suka fara haɗa kaya. A cikinsu ko ciwon kai ba a yi ba. A kicin ɗin ɗaya daga cikinsu ya roƙi a nuna masa ragowar ƙunshin Litinin. Takarda iri ɗaya, kanti ɗaya, niƙa iri ɗaya. Naman kuwa lafiyayye, ƙamshinsa na nama. Bambancin kawai, wannan ba da farin zare aka ɗaure shi ba, da kaba ne.

Ranar Juma'a tun ƙarfe bakwai ya isa kantin da kurata biyu, ya sa su tsaya a gaban motar rabo, ya ce ko ƙashi kada ya fita. Manajan kantin, wani Bature, ya tafi hutu ƙasarsu wata biyu ke nan, saboda haka ba shi cikin lissafi. Mutum uku ke da alhakin naman kafin ya isa gidajen mutane: akawu, direba, da babban mahauci.

Ya fara da akawun, Malam Martin, mutumin Zariya, Kirista, siriri mai tabarau. Idanunsa sun faɗa, da gani bai yi barci ba.

"Me ke aikinka a kan nama?"

"In rubuta abin da kowane gida ke so, in manna suna a ƙunshi. Ba na shiga ɗakin yanka."

"Shanu nawa aka kawo daga kwata makon nan?"

"Bakwai. Kowace da hatimin malamin dabbobi a cinya."

"Kai kana cin naman kantin?"

"Ina saya duk Litinin, ana rage wa ma'aikata. Yarana biyu suna kwance tun shekaranjiya, Saje. Na zaci ruwan rijiya ne."

"Da me ake ɗaure naka ƙunshin?"

Martin ya yi ɗan tunani. "Da zare."

Saje ya ce masa ya aika gida yanzu a kai yaran asibiti, a ce wa likita ciwon saifa. Sannan ya fita wurin direba. Garba direba na jingine da mota yana tauna goro, ransa a ɓace don an tsare shi.

"Ƙunshin kaba na su wa ne?"

"Na Musulmi. Babban mahaucinmu Alhaji Shu'aibu ne ya tsara haka, Allah ya saka masa. Ya ce kada namansu ya gogi na alade."

"A mota ɗaya kake ɗauko alade da na shanu?"

"Haba dai. Alade Asabar ake rabawa, a wani akwati dabam, wani arne ke yankawa a can ƙarshen gini. Ko injinsu ba ɗaya ba."

"To in babu alade a motar Litinin da Juma'a, me ake gudun ya gogi me?"

Garba ya daina tauna. Wata da watanni yana raba kaba da zare, bai taɓa tambayar kansa wannan ba, kuma fuskarsa ta nuna hakan ƙarara. Saje ya bar shi a nan yana kallon motar kamar yau ya fara ganinta.

Kafin ya shiga ɗakin yanka sai ya zagaya bayan ginin. Ya san abin da yake nema. Mahauci zai iya binne kai, ya zubar da hanji, ya ƙona ƙafafu, amma hannunsa ba ya iya jefar da ƙirgi. A rumfar shanya, an ɗaure fatu a jikin katako suna shan iska. Ya ƙirga. Takwas.

Ta takwas tana can ƙurya, an juya cikinta ga bango. Ya sa sanda ya juyo ta. Rabinta fari-fari kamar sauran, rabin kuwa ya yi jina-jina, baƙi-baƙi, jijiyoyin sun fito raɗau cike da jini. Ya duba wuyan. Yankan a miƙe yake sumul, bakinsa fari tas.

Alhaji Shu'aibu yana tsaye a bakin injin niƙa, yana sa ido ana wanke shi. Ƙosasshen mutum ne mai kyan fuska, goshinsa da tabon sujada, carbi a wuya. Bara ya je Makka ta jirgin sama, har yanzu unguwarsu ba a gama labarin ba. Shi ke da kwangilar kawo wa kantin nama, shi ke sarrafa shi. A wannan zafin da kowa ya tuɓe ya rage singileti, shi hannun rigarsa a sake yake har wuyan hannu.

"Saje, barka da zuwa. An ce ka tsare mana mota."

"Na tsare. Alhaji, wane nama ake fara niƙawa da safe?"

"Na ɗaurin kaba."

"Sannan na zare."

"Haka ne."

"In an gama na zare sai a wanke inji da ruwan zafi. In an gama na kaba fa, ana wankewa kafin a zuba na zare?"

"Ba lalle ba."

"Me ya sa? Ai duk saniya ce."

Alhaji ya yi murmushi. "Tsafta ce kawai, ɗana."

"Wa ke da aikin kwashe shanun da suka mutu a tashar jirgin ƙasa, wurin lodi zuwa Ikko?"

"Ni ne. Taimako nake yi, ana ba ni in kai rami in binne. Wani ba zai yi ba."

"Shanu bakwai aka buga wa hatimi makon nan. Ƙirgi takwas ne a rumfarka."

"Na wani ne ya kawo ajiya."

"To mai ajiyar mushe ya feɗe. Dabbar da aka yanka da ranta, wuyanta yakan ja baya, bakin yankan ya yi kaca-kaca, jini ya rine shi. Wannan an yi mata yankan ne bayan ta sanƙare, don a ga alamar wuƙa. Ta kuma kwana a kan ɓarin hagu, jinin ya taru a nan. Ni ɗan Sarkin Pawa ne, Alhaji. A kan ƙirgi na koyi rarrafe."

Kuratan suka dubi juna, don ba su taɓa jin ya faɗi haka da bakinsa ba. Murmushin Alhaji ya ragu, amma bai tafi duka ba.

"Ko da haka ne, yara ne ke fiɗa. Ni ba na taɓawa."

"Naɗe hannun rigarka."

Ya yi kamar bai ji ba. Saje ya yi wa kurtu ɗaya ido. Da aka ja rigar sama, sai ga tsumma ɗaure a damtsen dama. A ƙarƙashinsa wani maruru ne mai faɗin sule, kansa baƙi kamar gawayi, kewayensa ya kumbura ya yi ƙyalli.

"Ba ya zafi, ko?" in ji Saje. "Haka yake. Duk wanda ya feɗe saniyar da ciwon saifa ya kashe, in yana da ƙwarzane a hannu, ga abin da yake samu. Na duba hannun yaranka duka, babu mai shi. Kai kaɗai ka feɗe ta, don ba ka son su gani."

Ma'aikata sun taru a bakin ƙofa, har da Martin da Garba. Saje ya juya yadda kowa zai ji, ya warware musu zancen daki-daki. Shanun da ke mutuwa wurin turereniyar shiga tarago, Alhaji ba ya kai su rami. Yakan ɗora a amalanke ya shigo da su ta baya, ya feɗe, tsokar ya niƙa da gishiri da jan garin rini ya sayar wa mutane, tarkacen ya ƙunsa wa karnuka. Da yake yawancinsu tattake su aka yi, kuma ba su daɗe da mutuwa ba, sai abin ya riƙa wucewa, in ban da ɗan ciwon ciki da akan ɗora wa zafi. Ta wannan makon ce ba tattaka ta kashe ta ba. Akawu bai sani ba, tunda ya kai wa 'ya'yansa. Direba bai sani ba, tunda ya yarda da zancen alade. Wanda ya ware wa wasu gidaje nama mai kyau, shi ne ya san abin da ke cikin sauran.

Alhaji ya gyara tsayuwa. Abin mamaki, ba kunya ce ta bayyana a fuskarsa ba, wani irin taƙama ne, na mutumin da ake zargi da abin da ya riga ya yi wa tanadi.

"Saje, kai Musulmi ne, za ka gane. Ni ban ciyar da Musulmi mushe ba. Ko loma ɗaya. Da hannuna nake ɗaure nasu, don kada a yi kuskure. Waɗannan kuwa," ya yi nuni da haɓa wajen unguwar, "mutanen da ke cin alade, suna sumbatar kare a baki, me mushe zai rage musu? A ƙasarsu ma an ce ba sa yanka."

Martin ya cire tabaransa. Muryarsa ba ta tashi ba. "Ni fa, Alhaji? Shekara shida kullum sai ka tambaye ni ya yara. Ranar sunan ƙaramar ka aiko da cinya."

Alhaji bai dube shi ba.

Saje ya daɗe a aikin nan, ya ga ɓarayi, ya ga masu kisa, ya taɓa kwana da gawa a mota. Bai taɓa jin ƙyamar mutum irin ta wannan safiyar ba. Da ɓarawo ne kawai, da sauƙi. Wannan ya zauna ne ya yi lissafi da Ubangijinsa, ya ware wa kansa mutanen da ya halatta a cuta, sannan ya tafi masallaci da zuciya wasai.

"Alhaji," ya ce, "ka taɓa zagayawa bayan gidajen nan da kake aika wa zare? Kowane gida Bature biyu ne, ma'aikata biyar ko shida. Kuku, boyi, mai gadi, mai lambu, da matansu. In an kwashe tebur, wa kake zaton yana cinye ragowar? Wa ke lashe tukunya? Gida goma sha tara. Yi lissafin da kanka, tunda ka iya."

Nan ne fuskar ta canza. Ba don yaran Martin ba, ba don matar da ke kwance a asibiti ba, sai don lissafinsa ya karye. Saje ya ga haka, ƙyamar ta ƙaru. Ya ce wa kurtu ya sa ankwar a hankali, kada ya taɓa marurun.

Da yamma takardar likitan dabbobi ta iso, ta tabbatar da ciwon saifa. Duba-gari suka rufe kantin, aka ƙone abin da ke cikin ɗakin sanyi, hayaƙin ya rufe unguwar har Turawa suka rurrufe tagogi. Madam ta farfaɗo da aka canza mata allura. Yaran Martin ma suka tashi. Sufuritanda ya sa hannu a takardar sakin kuku ba tare da ya ɗago kai ba. Mai Lofe kuma ya aiko da saƙo cewa ya yafe maganar guba, amma wanda ke satar naman kare ba zai sake taka masa kicin ba, a kwashe kaya kafin Lahadi.

Ranar Asabar da hantsi Saje ya buɗe wa Ɗahiru ƙofa, ya raka shi asibiti da kansa. A hanya ya gaya masa abin da ya wajaba ya sani. Hajara za ta rayu. Cikin bai tsaya ba, namiji ne, an binne shi jiya. Ɗahiru ya yi salati a hankali, ya ci gaba da tafiya. Sai da suka kai bakin ɗakin mata ya tsaya.

"Na ji kurata suna magana da dare. Mushe ne?"

"Mushe ne."

"Na wannan makon kaɗai?"

Saje ya so ya ce e. "Ya amsa cewa wata takwas ke nan yana yi."

Ɗahiru ya ƙirga a yatsunsa, ya kai bakwai ya tsaya.

"Ke nan tun ranar da aka halicce shi ban ba shi komai ba sai wannan. Shekara ashirin da biyu ina auna gishiri da ido, Saje, don kada haram ta taɓa mini harshe. Ashe da hannuna nake kai mata, ina ɓoyewa a hula." Ya share fuska da tafin hannu. "Ita ba ta sani ba?"

"Ba ta sani ba."

"To ina roƙon ka abu ɗaya. Kai hukuma ne, za ta yarda da kai. In ta tambaya, ka ce guba ce. Guba za ta iya ɗauka. Wannan kuwa, ba za ta sake kai loma bakinta ba ta tuna."

Suka shiga. Hajara na gadon ƙarshe, ta rame, zanen ya kwanta a kan cikinta. Ta dubi mijinta, ta ga babu ankwa, ta lumshe ido ta gode wa Allah. Sannan ta juyo wajen Saje.

"Ranka ya daɗe, me aka samu a naman?"

Saje Jibrin bai taɓa rubuta ƙarya a rahoto ba, shi ya sa har yau yake saje. Ya dubi Ɗahiru, wanda ya riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu.

"Guba ce," ya ce. "An kama wanda ya zuba."